Katin da Ke Cikin Ƙanƙara

Daren albashi, a Recife,
in motar ƙarshe ta sauke ni a Casa Amarela,
nakan share teburin kicin da gefen hannu,
in baje takardu kamar mai duba.
Ni ce Josineide, mai gugar zannuwan asibiti.
Shekara sha ɗaya ina miƙar da abin da ya yamutse,
lissafina kaɗai ya ƙi guguwa.

Riyal dubu tara da ɗari huɗu.
Haka banki ya rubuto, da baƙi mai kauri.
Kowane sisi na san sunansa:
firijin nan da ke gurnani a bayana,
haƙoran Valdemir guda biyu,
takalmin ƙwallon Cauã, da ya matse shi tun ba a biya rabi ba,
maganin Mama na wata bakwai,
da akwatin da aka sa ta.

Suka ce akwai uwar kuɗi, akwai kuɗin ruwa.
Uwata ta tafi, uwar kuɗi tana nan zaune,
kullum haihuwa, ba ta yaye.
"Biya mafi ƙanƙanta," in ji takardar, cikin ladabi.
Shekara biyu ina bin ladabin nan,
ina kwalfar kogin Capibaribe da cokalin shayi.

Sai na sayo ambulan biyar.
Haya. Wuta da famfo. Wake da garin rogo. Kuɗin mota.
Na biyar ban raɗa masa suna ba,
baki kawai na zana masa, a wangale,
shi nake fara ba wa kafin kowa ya ci.

Katin kuwa, na jefa shi a robar bota,
na cika ta da ruwa, na tura can ƙuryar firiji.
Shi da ya jefa ni ruwa, ya ɗanɗana.
Valdemir ya yi dariya har sababbin haƙoran suka leƙo:
"Kin kulle ɓarawo a ɗakin da ya gina."

Nama ya zama baƙon Lahadi.
Na koyi wuce kantin takalma ina kallon tsallaken titi.
Asabar ina tuyar wainar rogo a bakin tasha,
in dawo gashina na warin mai.
Takwas da ɗari biyu. Bakwai da ɗari tara.
A Mayu gas ya ƙare, lambar ko gezau.
Na shiga banɗaki, na buɗe famfo don kada a ji kukana,
na tuna kuɗin famfon, na rufe.

A Yuni aka kwana uku ana ruwa,
wuta ta ɗauke a unguwar kaf.
Da safe na buɗe firiji:
ƙanƙara ta sake shi, ga shi yana iyo, shuɗi,
tsaf, kamar wanda ya fito wanka.
A ranar rufin ɗakin Cauã ke yoyo kan littattafansa,
mai sayar da kwano kuma ya ce da kati ana biya sau goma.

Na riƙe shi a tafin hannu. Sanyi ƙalau.
Ba zan ɓoye ba: na sa takalmi,
na kai har bakin ƙofa.

Ba hikima ce ta tsayar da ni ba.
Yatsuna ne suka fara ƙirga da kansu:
sau goma, da ruwansa, Afrilu ke nan,
ni kuwa na riga na yi wa Afrilu alkawari.

Muka jawo gadon yaron falo,
Valdemir ya hau sama da leda da bulo huɗu.
Ya yi yoyo. Muka tara bokiti.
Ya ci gaba da yoyonsa har Agusta.

Yau dubu uku da ɗari shida da goma.
An ce bashi hanji ne, yana cikin kowa.
Nawa dai na auna tsawonsa, ina datsa kaɗan-kaɗan.
Wani daren, in ƙishirwa ta tashe ni,
nakan ɗaga robar a hasken firiji,
in ga lambobinsa sun karkace cikin ƙanƙara,
in ce masa, kwanta, da sauran magana,
in mayar da shi bayan kifin jibi.